Gidan haya a Jidda: mai bayyara ko mai magudanar gwamnati?

Alhaji, barka da warhaka. Ka tambaye ni wanda za ka saya. Tsakanin benayen haya biyu da aka nuna maka, mai arahar nan na gabas da titin Haramain wanda ke kan bayyara, wato ramin tara ƙazantar gida, da mai tsadar da aka riga aka haɗa da magudanar gwamnati, ɗauki mai tsadar ka huta.

Irinsa gare ni, shagga shida, wato sassan haya shida, kowacce da iyali a ciki. Akwai wata Hajiya 'yar mutan Kano a hawa na biyu, tun yaranta suna ƙanana take gidan. Da ta tashi aurar da 'yarta, dangi suka taho daga Makka da Madina suka cika ɗakuna har kan rufin bene, ana wanka, ana wanki, ana ɗora manyan tukwane dare da rana. Wallahi har aka watse wayata ba ta yi ƙara ba a kan ruwa. Abin da ya iso ni daga bikin nan kwanon masa ne da miyar taushe, da addu'a. Da a kan rami gidan yake, ranar wuni kanta da ina bakin titi ina cinikin wayit, wato tankar kwasar ƙazanta. Mai haya yana haƙuri da tsohon fenti, yana haƙuri da matattakala mai tsawo, amma ranar da wari ya shigo masa falo ya fara neman wani gida ke nan.

Mai bayyarar, in za a ba shi haƙƙinsa, ba ya biyan kuɗin magudana a fatura, wato takardar kuɗin ruwa. Iyakar alherinsa ke nan. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a Jidda a kusa yake, ga gishiri, shi ya sa rami ba ya tsotsewa yadda ya kamata, kana kwashewa yana cika. In ya tumbatsa zuwa titi baladiyya, wato hukumar birni, ta ci ka tara, danshin kuma yana can yana cin rodin tushen gini. Ga shi a gabas da titi, inda ambaliyar Nuwamban 2009 ta yi wa unguwar Ƙuwaiza mummunar ɓarna, aka rasa rayuka sama da 100. An gina madatsu da manyan kwalbatoci bayan haka, gaskiya ne, amma ni ko kyauta aka ba ni fili a can sai na tambayi tsofaffin unguwa ta ina ruwa yake bi.

Kada ka ɗauka mai magudanar ba shi da nasa lissafin. Tun daga 2016, da aka ƙara kuɗin ruwa har koke-koken jama'a suka yi yawa aka sauke ministan ruwa a Afrilun shekarar, faturar hawa-hawa take. Kubik 15 na farko a wata halala 10 ne kowanne (halala 100 ne riyal ɗaya). Daga 16 zuwa 30 riyal ɗaya, zuwa 45 riyal 3, zuwa 60 riyal 4, abin da ya haura 60 riyal 6. Wanda ke kan magudana ana ɗora masa rabin wannan kuɗin a kai, sannan haraji. A nan ne masu benaye da yawa suke ƙonewa, domin mita ɗaya ce ke ba gidan duka. Ka ce kowace shagga cikin shida ta sha kubik 25. In kamfanin ruwa na ƙasa ya san shida ne, ruwan duka riyal 69 ne kafin ƙari. In a takardarsu gida ɗaya ne, kubik 150 ɗin nan ya haura riyal 660. Saboda haka ranar da gidan ya zama naka, ka fara da duba adadin shaggar da aka rubuta a kan mitar, kafin ma ka kira mai fenti.

Sai tankin ƙasa. Ruwa yana fara zuba a cikinsa ne kafin injin ya tura shi tankin sama, to in ya tsage, ko robar da ke tsayar da ruwa in ya cika ta lalace, kuɗinka ne ke tsiyaya cikin ƙasa kana barci. Wannan ciwon bai bar ko ɗaya cikin gidajen biyu ba. Ka sa a cika shi, a rufe shiga da fita, a yi alama a bango, a dawo washegari a gani.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da dillalai. Wasu su kan kira wayit ya kwashe ramin ana jibi za ka zo, a shafe bangon ƙasa da sabon fenti don ɓoye danshi, sannan a rantse maka cewa watan gobe za a ja layin magudana zuwa titin. Watan goben nan akwai waɗanda suka yi furfura suna jiransa. Wasu kuma fatura ɗaya za su nuna maka, ta watan da rabin gidan babu kowa. Ka ce a kawo na shekara guda cif, ka ɗauki lambar mitar ka duba ko akwai bashi a kanta. Ko mai tsadar ma kada ka yarda da baki cewa an haɗa shi, in da gaske ne za ka ga kuɗin magudana a jikin faturar. Ka koma unguwar kai kaɗai bayan sallar isha'i ka zauna da mai gadin gidan maƙwabta, shi ya san sau nawa wayit yake tsayawa a ƙofar.

In ciniki ya faɗa, wajen rubuta yarjejeniyar haya da 'yan haya a Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, ka sa a fayyace wanda zai biya ruwa da yadda za a raba shi. Ni bisa yawan mutanen kowace shagga nake rabawa, domin ba adalci ba ne ango da amarya su biya daidai da mai iyali goma.