Wata uku ina kwaso farashin wayoyi da Playwright, ga abin da na gani

Yayana yana da shagon waya a Farm Centre nan Kano, kullum da safe sai ya ce Auta duba min farashi, ni kuma in buɗe wani shagon intanet in yi ta kwafo farashin wayoyi kusan 200 ɗaya bayan ɗaya don ya san inda kasuwa ta kwana. Da abin ya ishe ni sai na zauna na rubuta ɗan sikirif na Python da requests (mai sauko da shafin intanet) da BeautifulSoup (mai tsinto bayanai daga cikinsa). Na kunna, wayam. Ga farashi ina gani da idona a burauza amma cikin HTML ɗin da ya sauko babu ko sisi, kwana biyu ina ta tone kod ɗina kafin na gane ashe JavaScript ne yake zuba kayan bayan shafin ya buɗe, shi kuwa requests ba ruwansa da JavaScript, ƙwarangwal kawai yake kawo maka.

Na ɗan taɓa Selenium, kayan aikin da ke sarrafa burauza ta hanyar kod, tsohon hannu ne tun 2004, sai dai ni na cika kod ɗin da sleep (umarnin jira) na sakan 10 ko'ina, ranar da netwok ya yi nauyi sai komai ya watse. Daga nan na koma Playwright wanda Microsoft suka fitar a 2020, shi ma burauza yake sarrafawa, kuma wallahi abin da ya fi burge ni shi ne yana jira da kansa, ka ce ya danna maɓallin ƙarin kaya ba zai danna ba sai maɓallin ya bayyana tukunna. Akwai kuma codegen, zai buɗe maka burauza kana dannawa yana rubuta maka kod ɗin a gefe, ranar farko tsayawa na yi ina kallo baki buɗe.

Amma fa ka shirya data, burauza sukutum yake saukewa, kuma in ba ka faɗa masa chromium (tushen Chrome) kaɗai kake so ba zai haɗo maka da Firefox da WebKit (injin Safari). Laftof ɗina mai RAM 4GB da na buɗe shafi biyar lokaci guda sai fanka ta kama kuka, sai da na sa shi ya daina lodin hotuna sannan ta samu sa'ida, data ma ta ragu sosai.

Abin da na so a ce na sani tun farko, wata rana na danna F12 a burauza na leƙa ɓangaren Network sai ga farashin nan duka suna shigowa a JSON (wani tsarin jera bayanai) tsaf, suna da kuɗi a jere. Ashe a wannan shagon ko burauza ba na buƙata! Yanzu can nake fara dubawa, Playwright na bar shi ga wani shago na biyu da sai ka yi ta gangarawa ƙasa kafin kaya su fito, a nan kam ban ga kamarsa ba.

Sau ɗaya aka toshe ni na wuni guda saboda na yi ta buga musu ƙofa ba hutu, kuma da gaskiyarsu. Tun daga ranar na sa tazarar sakan 5 tsakanin shafi da shafi, ina duba robots.txt (fayil ɗin da ke faɗin inda masu shafin suka yarda sikirif ya shiga), farashi kaɗai nake ɗauka ba na taɓa lambar wayar kowa. Ƙarfe bakwai na safe Excel ɗin farashin yana wayar Yaya, jiya ma cewa ya yi in ƙara masa farashin caja da iyafis.