Masu Yunifom da Masu Ɗamara: Matan 'Yan Sanda a Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya

Da yaƙi ya ɓarke a 1914, maza suka tafi fagen daga, sai ƙungiyoyin mata biyu suka fito aikin 'yan sanda a Ingila.

Ta farko ita ce wadda Margaret Damer Dawson da Nina Boyle suka kafa. Matanta suna da yunifom da horo, kuma burinsu a ɗauke su 'yan sanda na sosai. A garin Grantham, kusa da barikin soja, aka sa su sa ido kan dokar hana mata fita da dare. Boyle ta ce wannan cin zarafin mata ne, aka rabu a 1915, ragama ta koma hannun Dawson. A nan Grantham ne Edith Smith ta zama mace ta farko a Ingila mai ikon kama mai laifi. Daga 1916 kuma gwamnati ta ɗauki matan ƙungiyar gadin masana'antun makamai irin ta Gretna, suna caje ma'aikata mata kada a shiga da ashana.

Ta biyu, ta Ƙungiyar Mata Ma'aikata ta Ƙasa, 'yan sa-kai ne. Ɗamara kawai suke ɗaurawa a hannu, suna yawo bibbiyu a tasha da lambuna, suna yi wa 'yan mata nasiha.

A ganina ta farko ta fi shan wahala, amma da yaƙi ya ƙare, rundunar 'yan sandan Landan daga ta biyu ta ɗauko Sofia Stanley ta shugabanci matanta, suka fara sintiri a 1919.