Sharhi a kan mazubin harsashin dalma, bayan shekara guda ina gwada shi da tsohuwar Lee-Enfield

Shekara guda ke nan da 'yan watanni tun da na sayi mazubin ƙwayar harsashi na alminiyam mai gurbi biyu, domin in riƙa zuba wa tsohuwar bindigata ƙwayar dalma da hannuna. A tsawon wannan lokaci na zuba abin da ya haura ƙwaya dubu biyu, kuma mafi yawansu na harba su a filin ƙungiyar masu harbin saiti da nake da rajista a cikinta. Bindigar Lee-Enfield ce, samfurin No. 4 Mk I da sojojin Birtaniya suka karɓa a hukumance a 1941, mai cin harsashin .303, kuma ba farauta nake yi da ita ba, takarda kawai nake hari daga nisan yadi 50 ko yadi 100.

Abin da ya kai ni ga dalma shi ne tausayin bututun bindigar. Harsashin sojan da aka ƙera ta dominsa, wato Mk VII, ƙwayarsa mai rigar ƙarfe ce, nauyinta gram 11.3, tana fita da gudun kusan mita 744 a daƙiƙa, kuma kodayit ne ke tura ta, wani albarushi mai tsananin zafi wanda tun farkon shigowarsa ya riƙa cinye tsagin bututun Lee-Metford, bindigar da ta gabaci Lee-Enfield (tsagi shi ne murɗaɗɗun layukan da aka yanka a cikin bututu domin su juya ƙwaya), har ta kai a 1895 aka sauya wa bindigar tsagi mai zurfi irin na Enfield. Ban da wannan, hular da ke kunna albarushin harsasan wancan zamani tana barin wani gishiri mai jawo laima da tsatsa idan ba a wanke bututun da ruwa ba. Duk wanda ya leƙa maƙogwaron bindigata da haske zai ga shaidar waɗannan abubuwa biyu, domin farkon tsagin ya zaizaye, kuma akwai ƙananan ramukan tsatsa jefi-jefi. Ƙwayar dalma mai tafiya a hankali ba ta ƙara wa irin wannan bututu wahala, kuma kafaɗar mai harbi ma tana samun sauƙi.

Mazubin kansa ba shi da nauyi a hannu, yana ɗaukar zafi da wuri, kuma ƙwayar da yake fitarwa doguwa ce mai zagayayyen kai, nauyinta kusan gram 12, da kwaruruka na zuba maiko a jikinta, da ɗan siririn gindi inda ake sanya wani ƙaramin kofin jan ƙarfe da nake kira takalmi, wanda aikinsa shi ne kare gindin dalmar daga wutar albarushi. Idan mazubin bai yi zafi sosai ba ƙwayar takan fito da tamoji kamar fatar tsoho, idan kuma zafin ya wuce kima sai ta fito da fari-fari kamar an barbaɗa mata toka. A tsakanin waɗannan biyu ne ake samun ƙwaya mai sheƙi da kaifin gefe, kuma da wannan mazubi ina isa wurin bayan zubi goma zuwa goma sha biyar, muddin na ɗora shi a bakin tukunya tun dalmar tana narkewa.

Fitata ta farko da shi ba ta yi daɗi ba, kuma dole in amsa cewa laifin nawa ne. Mazubin yana fitar da ƙwaya mai kaurin inci 0.314, ni kuwa da yake na karanta cewa kaurin ƙwayar .303 inci 0.311 ne, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya na matse su zuwa wannan awo. A yadi 50 harbi biyar na farko sun taru ba laifi, amma daga na takwas sai ramukan suka fara watsewa, har biyu daga ciki suka huda takardar a kwance, ramin ya fito da siffar ƙwayar gaba ɗaya kamar an yanka shi da almakashi. Da na cire sakatar bindigar na leƙa, sai na tarar da dalma ta yi dabe a cikin tsagin, kuma sandar goge bututu ta riƙa fito da ita sili-sili kamar zaren azurfa. Wani dattijo da ke harbi a teburin da ke kusa da nawa ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya jujjuya ta a yatsunsa, ya ce da ni, "Malam, ka auna bututun naka kuwa, ko littafi ka auna?" Ban sami abin cewa ba.

Abin da ke faruwa shi ne, idan ƙwayar dalma ta yi wa bututu kaɗan, iskar albarushi mai zafi takan kutsa ta gefenta, ta zaftare dalmar ta fesa ta a gaba, sannan ƙwayar ta bi ta kai ta liƙe ta da bango. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan taushin dalma, sai su ƙara mata tauri, alhali ƙwaya mai tauri wadda ba ta cika bututu ba, ita ta fi mai taushi ɓarna, tun da ba ta iya kumbura ta toshe gurbin. Lambar 303 da ke cikin sunan harsashin faɗin cikin bututun ne, inci 0.303, daga tudun tsagi zuwa tudu, amma faɗinsa daga kwari zuwa kwari ya bambanta daga bindiga zuwa bindiga, musamman waɗanda aka ƙera cikin gaggawar yaƙi a masana'antu daban-daban.

Saboda haka na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na shafa wa bututun mai, na ɗauki ɗan curin zallar dalma wanda ya ɗan fi bakinsa girma, na tura shi a hankali da sandar tagulla har ya faɗo ta baya ɗauke da hoton tsagin a jikinsa. A nan ma akwai ɗan tarko, domin tsagin bututuna guda biyar ne, kuma idan adadin mara ne kowane kwari yana fuskantar tudu, saboda haka maikuromita, wato na'urar auna kauri, ta yau da kullum takan ba da awon da bai kai gaskiya ba. Sai da na naɗe curin da siririn ƙarfe wanda na san kaurinsa, na auna, na cire kaurin sau biyu, kafin na sami inci 0.313. Wato ƙwayar da mazubin ke fitarwa ta dace da bindigar tun asali, ni ne na ɓata ta da matsi. Daga ranar na koma matse ta a 0.314, wanda bai wuce ɗaure takalmin da cusa maiko ba, sannan na share tsohon jan ƙarfen da harsasan soja suka bari a bututun, aikin da ya ci mini maraice uku, domin dalma tana manne wa wannan saura fiye da yadda take manne wa ƙarfe tsirara.

Game da haɗin da nake narkawa, na tsaya a kan sananniyar ƙa'idar nan ta dalma kashi 90, kuza kashi 5, antimoni kashi 5, mai taurin kusan 15 a ma'aunin Brinell, alhali zallar dalma ba ta wuce 5 ba. Kuza tana sa ruwan ya cika kowane lungu na mazubin, antimoni kuma shi ke kawo tauri, yana kuma sa ƙwayar ta ɗan fi kauri idan ta huce. Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Celsius, amma mazubin nan ya fi son tukunya ta kai wajen digiri 380. Sau ɗaya wani guntun tutiya ya shige mini cikin tsofaffin ƙarafan daidaita tayar mota, ruwan ya yi gudaji, ƙwayoyin suka ƙi cika, dole na ware tukunyar gaba ɗaya. Aikin nan a sarari nake yin sa inda iska ke kaɗawa, da tabarau da safar hannu, ba na ci ba na sha a wurin, kuma ba na barin ko ɗigon ruwa kusa, domin ruwan da ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma yakan watso ta waje da ƙarfi.

Mazubin yana da nasa aibin. Ƙusar murfin da ke yanke wutsiyar zubi tana kwancewa da zarar ya yi zafi, kuma idan ban lura ba sai murfin ya ɗaga kaɗan, gindin ƙwayar ya fito da fiffike. Alminiyam ba ya jure sakaci kamar baƙin ƙarfe, don haka ɗan ɓurɓushin dalma da ya maƙale a ƙarƙashin murfin ya riga ya karce saman mazubin, tabon yana nan har yau. Abin da ya fi damuna shi ne gurbin biyu ba su zo daidai ba, na gaba yana fitar da ƙwayar da ta fi ta baya nauyi da kusan gram 0.05, kuma hancinta ya fi cika tudun tsagin. Na yi wa gurbin baya 'yar alama da tsinin allura, ta yadda zan gane 'ya'yansa in ware su domin atisaye, na gaban kuma in ajiye su domin ranar gasa.

Wajen ɗura harsashi ba na kauce wa awon da ke cikin littattafan da aka gwada a ɗakin gwaji, kuma da yake albarushin kaɗan ne a cikin babban kwanso, sai na haska kowane kwanso da tocila kafin in ɗora ƙwaya, domin ninki biyu yana iya shiga ba tare da ya zube ba, kuma wannan ya isa ya fasa bindiga. Wuyan kwanson kawai nake matsewa, saboda makwancin harsashi na Lee-Enfield yana da yalwa, idan ana matse kwanson duka ba ya daɗewa yake tsinkewa ta gindi.

Yanzu da gudun da bai wuce mita 500 a daƙiƙa ba, harbi goma daga kan tebur suna taruwa cikin santimita 6 zuwa 7 a yadi 100, abin da bindigar ba ta taɓa yi mini da harsashi mai riga ba, kuma bayan harbi hamsin ƙyalle biyu sun isa su tsabtace bututun. Sai dai dole in ɗaga saitin baya zuwa wajen alamar yadi 500 kafin ƙwayar ta faɗa tsakiya, kuma iska mai ratsawa tana karkatar da ita sosai, don haka wanda burinsa harbi mai nisa ne zai sha wahala da ita. Ga mai tsohuwar bindiga da bututunta ya buɗe, wanda kuma yake da haƙurin awo da tsince ƙwaya, ina ganin mazubin ya cancanci saye duk da ƙusarsa mai kwancewa. Matsalar da ta rage mini ita ce harbin farko daga wankakken bututu, wanda kullum yake hawa sama da kusan santimita 8, kuma a yanzu ina gwada barin bututun da maikonsa daga wannan fita zuwa ta gaba, in ga ko hakan zai dawo da shi cikin 'yan'uwansa.