Gwal, Azurfa ko Dutse: Abin da Mai Sayen Kayan Ado Zai Auna Kafin Ya Biya

A Gusau da Birnin Kebbi, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, mace ba ta sayen sarƙar gwal don kwalliya kaɗai. Takan sa ta ranar biki da ranar suna, amma ta san dukiya ce ta ajiye, wadda za ta fitar ranar da kuɗin makarantar yara ya taso, ko rashin lafiya ta zo ba zato, ko aka buɗe biyan kuɗin kujerar Hajji. Saboda haka duk wanda zai haɗa lefe, ko matar da ta kwashi adashi take son mayar da shi kadara, ya kamata a fara da tambaya ɗaya kafin a shiga shago: nawa za a ba ni idan na dawo da wannan abu don sayarwa? Amsar wannan tambaya ce ke raba gwal da azurfa, ta raba azurfa da ruwan gwal, ta kuma nuna matsayin duwatsun da ake jerawa a jikin kayan.

Gwal tsantsa, wato mai karat 24, yana da laushi ƙwarai, har ana iya lanƙwasa siririn zobensa da yatsa, shi ya sa ake haɗa shi da jan ƙarfe ko azurfa don ya yi ƙwari. Yawan gwal ɗin da ke cikin wannan haɗi shi ne karat, kuma galibi akan buga lambarsa a jikin maƙullin sarƙa ko cikin zobe. Lamba 916 tana nufin karat 22, wato kashi 91.6 cikin ɗari gwal ne. 875 ita ce karat 21. 750 karat 18. 585 kuma karat 14, wanda gwal ɗinsa ya ɗan haura rabi kaɗan. Idan aka ɗora sarƙoƙi biyu a sikeli, kowace giram 20, mai karat 21 tana ɗauke da gwal giram 17.5, mai karat 18 kuwa giram 15 ne. A ido ba lalle a ga bambanci ba, amma ranar sayarwa giram biyu da rabin nan kuɗi ne masu kauri. Sunan ƙasa da 'yan kasuwa ke ambata, ɗan Dubai ko ɗan Saudiyya ko ɗan Italiya, yana nuna salon ƙira ne da inda aka kawo kayan, ba ya maye gurbin karat. Na Saudiyya ya fi yawa a karat 21, na Italiya a karat 18, amma mai saye lamba zai nema, sannan ya nemi a gwada.

A ganina, wadda ke son ajiya ta tsaya a karat 21 ko 22, wadda kuma ke son zobe ko 'yan kunnen da za ta riƙa sawa kullum tana aikin gida da su, karat 18 ya fi jure gogayya. Akwai kuma kuɗin ƙira, wanda ake ɗorawa a kan farashin giram lokacin saye amma ba a mayar da shi lokacin sayarwa, domin mai saye nauyin gwal yake biya, ba ya biyan gwanintar maƙeri. Sarƙa mai zane da yawa tana cin kuɗin ƙira fiye da awarwaro marar ado, saboda haka asararta ta fi girma. A kula kuma da manyan awarwaron da cikinsu rami ne: suna cika ido a taro, amma ba su da nauyi, kuma idan suka lotse gyaransu da wuya.

Farashin giram a kasuwanninmu yana bin abu biyu, farashin gwal na duniya da darajar dala. A duniya ana lissafi da oza mai giram 31.1, wadda ta haye dala 2,000 a 2020, ta haye dala 3,000 a watan Maris na 2025, ta kai dala 4,000 a watan Oktoba na shekarar. A nan gida kuma naira ta faɗi sosai tun daga watan Yuni na 2023. Wannan ne ya sa waɗanda suka ajiye gwal suka tsira da dukiyarsu fiye da waɗanda suka ajiye takardar kuɗi. Sai dai farashin yana sauka kamar yadda yake hawa, kuma wadda ta saya yau ta sayar bayan wata biyu kusan kullum da asara take fitowa, saboda kuɗin ƙira da ribar mai shago.

Babbar asarar da aka fi yi ba a sani ba tana cikin saitin gwal mai duwatsu. Ana ɗora sarƙa da 'yan kunne da zobe a sikeli gaba ɗaya, a lissafa nauyin da farashin gwal, alhali wani ɓangare na nauyin gilashi ne ko zirkon na masana'anta, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ranar da aka dawo da saitin, mai shago zai ɓamɓare duwatsun ko ya cire kimar nauyinsu kafin ya yi tayi. Idan saiti mai giram 30 yana da duwatsu na giram 4, an biya kuɗin gwal giram 4 da babu shi. Mai saye ya nemi a faɗa masa nauyin gwal daban da na dutse, a kuma rubuta a rasit tare da karat da farashin giram na ranar.

Kayan ruwan gwal, har da waɗanda ake kira GL, ba laifi ba ne idan an saye su da sunansu da farashinsu. Tagulla ce ko wani ƙarfe aka shafa wa gwal siriri, kuma gumi da turare da man shafawa suna cinye shi, sai wuya ya yi kore ko kunne ya riƙa ƙaiƙayi, musamman idan akwai nikel a haɗin. Ado ne na 'yan watanni, ba a sayar da shi. Matsala tana zuwa ne idan aka buga masa lamba 750 aka sayar da shi a matsayin gwal. Maganaɗisu yana tona wanda cikinsa baƙin ƙarfe ne, amma ba ya jan tagulla, don haka tsallake wannan gwaji ba hujja ba ce. Nauyi ya fi faɗar gaskiya, domin gwal ya ninka tagulla nauyi kusan sau biyu, kuma hannun da ya saba yana ji. Gwajin da maƙera suka dogara da shi shi ne a goga kayan a baƙin dutse a ɗiga ruwan asid a kan zanen. Idan kayan masu kauri ne, a goga sosai har a wuce fatar sama. Mai shagon da ya ƙi a gwada kayansa a wani wuri ya riga ya ba da amsa.

Kasancewar ana haƙo gwal a Anka da Maru da Bukkuyum, da kuma yankin Yawuri a Kebbi, yakan sa wasu su ɗauka cewa sayen ɗanyen gwal daga masu haƙa shi ne araha. Ga mai neman kayan ado ban ba da wannan shawara ba. Ba a sanin tsarkinsa sai an narka, ciniki ne mai buƙatar lasisi, kuma sarrafa dutsensa a cikin gida shi ne ya jawo gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum.

Azurfa ita ce zaɓin maza, tunda shari'a ta hana su sa gwal ta kuma halatta musu zoben azurfa. Mai kyau tana ɗauke da lamba 925, wato kashi 92.5 azurfa, saura jan ƙarfe. Takan yi baƙi idan ta jima, wannan kuwa ba alamar jabu ba ce, gogewa kawai take so. Giram ɗinta yana ƙasa da na gwal nesa ba kusa ba, kuma a ƙaramin zobe kuɗin aikin maƙerin fari yakan zarce kuɗin ƙarfen, don haka a saye ta don sawa. Farin gwal kuwa gwal ne da aka gauraya da fararen ƙarafa aka shafa masa wani farin ƙarfe mai suna rodiyom, kuma shafen yana gogewa har sai an sabunta.

Wajen duwatsu, abin da ya fi shafar mutumin Zamfara da Kebbi shi ne ƙwari. Ana auna shi da ma'aunin da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. Daiman yana 10, yakutu ja da shuɗi suna 9, tofaz 8, zumurrudu tsakanin 7.5 da 8, aƙiƙ kusan 7, fairuz 5 zuwa 6, murjani da lu'ulu'un teku kuwa tsakanin 2.5 da 4.5 suke. Muhimmancin wannan lissafi shi ne ƙurar hunturu tana ɗauke da ƙwayoyin yashi masu ƙwarin 7, saboda haka duk dutsen da bai kai nan ba, goge shi da busasshen ƙyalle yana kankare fuskarsa a hankali har ya dushe. Gilashi bai wuce 5.5 ba, shi ya sa yake mutuwa da wuri a kan zobe. Murjani da lu'ulu'u kuma ba sa shiri da turare da humra, sai a sa su bayan an gama shafe-shafe, a bar su a wuya da kunne inda ba sa bugun komai.

Don zoben kullum yakutu ya fi dacewa, kuma ana samun shuɗinsa a nan Najeriya, a tsaunin Mambila na jihar Taraba. Zumurrudu yana da kyau amma cikinsa cike yake da tsage-tsage da akan cika da mai, yana iya fashewa da bugu ɗaya. Aƙiƙ a kan azurfa, irin wanda alhazai ke kawowa tsaraba, yana da araha da juriya, ko da yake da yawansa rini ne. Amma ko wane dutse ne, a tuna cewa tun 1902 aka bayyana hanyar ƙera yakutu a masana'anta, yanzu kuma har daiman ana ƙerawa, kuma ido ba ya bambance su da na ƙasa. Dutsen moisanait, mai kama da daiman, ma yana ruɗar ƙaramar na'urar gwajin daiman da ke aiki da zafi. Dutse mai tsada ba a sayensa sai da takardar ɗakin gwaji, kuma ko da takardar, a kasuwanninmu da wuya a samu mai sayensa da kuɗin da aka biya, alhali gwal ana karɓarsa a take.

Wadda za ta canza tsohon gwal da sabo ta lura da hukuncin musaya: gwal da gwal sai nauyi daidai, hannu da hannu, don haka hanyar da ta fi kuɓuta daga ribar da shari'a ta haramta ita ce ta sayar da tsohon ta karɓi kuɗinta, sannan ta yi cinikin sabon daban. Wannan yana kuma ba ta damar ganin ainihin abin da aka cire mata. Game da zakka, a mazhabar Malikiyya kayan adon da mace ke sawa ba a fitar musu, amma wanda aka ajiye don kasuwanci ko tanadi, idan ya kai nisabi, kimanin giram 85 na gwal ko 595 na azurfa, ya kuma shekara, ana fitar da kashi 2.5 cikin ɗari.