Na biya mai duba bil ɗin asibiti bayan tiyatar maƙogwaron ƙanina, ga yadda ta kaya

Jama'a da yawa sun tambaye ni ko kuɗin da na biya matar nan mai bin diddigin bil ɗin asibiti ya biya buƙata, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji, musamman 'yan uwa da ke zaune a nan Amurka.

Ƙanina ne ya faɗi da keke a nan Bronx yana dawowa daga ƙwallo, wuyansa ya sauka kan bakin wani shingen ƙarfe. Ciwon a ido bai kai tsawon ɗan yatsa ba amma da na iso imajansi wuyan ya kumbura, idan nas ta danna fatar sai ka ji tana ƙas ƙas kamar ana taka leda, wai iska ce ke fita daga bututun numfashi tana shiga ƙarƙashin fata. A daren aka shiga da shi tiyata aka ɗinke bututun ta wuya. Alhamdulillah ya tashi, muryar ce dai ta daɗe a dishe.

Muna murna sai ga takardu. Ba bil ɗaya ba ne fa, asibiti da nasa, likitan tiyata da nasa, mai sa barci da nasa, motar asibiti ita ma da nata. Takardar inshora da suke kira EOB ta nuna sun ƙi biyan likitan tiyata gaba ɗaya, wai cutar da aka rubuta ba ta dace da aikin da aka yi ba. Na kira inshora suka ce in kira ofishin likita, na kira ofishin likita suka ce ai inshora ne suka ƙi, haka aka yi ta buga ni kamar ƙwallo sati uku ga aiki ga jinya, shi kuma yaron kullum cewa yake "Yaya ki bari in na warke zan biya a hankali", wallahi maganar nan ita ta fi ci min rai, da wane kuɗin zai biya?

Wata abokiyar aikina ce ta haɗa ni da matar. Da can mai sa lambobin cuta ce a asibiti kuma tana da satifiket na CPC, wato shaidar ƙwarewa a aikin sa lambobin bil ɗin asibiti. Abu na farko ta sa ƙanina ya sa hannu a takardar izini don ta iya magana da su a madadinsa, sannan ta ce mu nemo bil mai dalla-dalla da rahoton da likita ya rubuta bayan tiyata. Ni ban ma san muna da haƙƙin karɓar rahoton nan ba.

Bayan kwana biyu ta kira ni ta bidiyo ta ɗora takardun biyu gefe da gefe. Ta ce kowane bil yana ɗauke da lamba iri biyu, ta ICD-10-CM da ke faɗin abin da ya samu mutum, da ta CPT da ke faɗin abin da likita ya yi. Shi kuma bututun numfashi a wajen masu lamba kashi biyu ne, na wuya da na cikin ƙirji. Yankan da ya samu na wuya ba tare da wani abu ya maƙale a ciki ba S11.021A ne, na ƙirji kuma S27.53XA. Ɗinkin ma haka, ta wuya 31800, ta cikin ƙirji 31805. A bil ɗin ƙanina an sa aikin wuya daidai amma an haɗa shi da lambar ciwon ƙirji, kwamfutar inshora ta ga hannun riga sai ta watsar. Ta ja layi da jan biro a rahoton likita inda ya rubuta a fili cewa ta wuya ya shiga da zoben guringuntsin da ya ɗinke. Ni dai na yi shiru ina kallon allon waya, ashe duk rashin barcin nan lamba ɗaya ce.

Ta kuma koya min harafin ƙarshe, A na lokacin da ake tsaka da magance ciwon, D na zuwan da ake yi bayan nan yana warkewa, S kuma na matsalar da ciwon ya bari. Yanzu duk takardar da ta shigo gidan nan sai na duba wutsiyar lambar.

Abin da ya burge ni ba ta sa mu ɗaukaka ƙara ba, ta ce akwai kwana 180 na yin hakan idan ta kama amma hanya mafi sauri ita ce ofishin likita su gyara su sake turawa. Suka gyara, inshora ta biya, ya rage mana kasonmu kawai.

Inda ban ji daɗi ba, ba ta da saurin amsa saƙo ko kaɗan, sai ka tura imel ranar Litinin ka ji ta ranar Alhamis, ga mutum hankalinsa a tashe. Kuma lissafin awa take yi, har kiran da ta zauna tana jiran inshora su ɗauka sai da ya shiga, ya kamata ta faɗa min wannan tun farko. Bil ɗin motar asibiti kuwa ta ce ba abin da za ta iya, dokar No Surprises da ta fara aiki a 2022 ta hana a caje ka ƙari kan likitan imajansi da ba ya cikin tsarin inshorarka amma ba ta haɗa da motar asibiti mai bin titi ba. Na ji zafi amma na gode da ba ta ja ni tana cin awa a banza ba.

Tauraro huɗu na ba ta cikin biyar. Kuɗin motar muna biya wata-wata, saura biyu mu gama, shi kuma ranar Asabar ya koma fili amma na hana shi hawa keken nan da dare.