Royal Exchange: gidan wasan kwaikwayo a cikin tsohuwar kasuwar auduga

Mutanenmu da ke zaune a Manchesta suna yawan wucewa ta gaban ginin Royal Exchange a hanyarsu ta zuwa sayayya a babbar cibiyar shaguna ta Arndale, amma ƙalilan ne suka taɓa hawa matakalarsa. Ni kuwa so nake su hau, ko da sau ɗaya ne. Ginin yana tsakanin St Ann's Square da Cross Street, jirgin cikin gari yana bi ta gefensa, kuma idan zauren yana buɗe da rana babu mai tambayarka tikiti. Kana iya shiga ka fake wa ruwan sama, ka sayi shayi, ka zauna ka ɗaga kai.

Abin da za ka gani zai tsayar da kai. Katafaren zaure ne mai manyan ginshiƙai da ƙubbobin gilashi, a tsakiyarsa kuma an kafa wani ɗaki na ƙarfe da gilashi mai kusurwa 7. A cikinsa ake wasan kwaikwayon. Daɓen zauren ba zai iya ɗaukar nauyinsa ba, shi ya sa aka rataye benayensa a jikin ginshiƙai 4 na tsohon ginin. An buɗe gidan wasan a 1976. Bam ɗin da ƙungiyar IRA, ta 'yan gwagwarmaya da makamai na Ireland, ta tayar a tsakiyar birnin a watan Yunin 1996 ya yi masa ɓarna, sai a 1998 aka sake buɗewa.

Kafin duk wannan, nan ce kasuwar da dillalan auduga ke haɗuwa, har aka daina ciniki a 1968. Allon farashin yana nan a can sama, da alƙaluman ranar ƙarshe, ba a goge ba. Ni 'yar Funtuwa ce, kakana auduga ya noma har ƙarfinsa ya ƙare, don haka ba na iya kallon allon nan kamar kayan ado. Kamfanin BCGA na Turawan Ingila mai bunƙasa noman auduga, wanda ya kafa injinan gurzar auduga a ƙasar Zazzau da Funtuwa, a wannan birni aka ƙirƙiro shi a 1902 domin masaƙun Lankasha, yankin da ke kewaye da Manchesta, su sami abin saƙa. Manomi yana can yana tsinka da hannu a cikin rana, ƙaddarar kuɗinsa tana hannun mutanen da ba su taɓa ganin gonarsa ba. Raina yana sosuwa idan na tsaya a wurin, amma gara da suka bar allon.

Game da wasan kansa, babu labule, babu dandamali mai tsawo. 'Yan kallo ne suke kewaye 'yan wasa ta kowane ɓangare, hawa 3, mutum 700 da wani abu, kuma babu kujerar da ta fi mita 9 nisa daga fage. Da Gwaggona ta zo ganin jika na kai ta, tana zama ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, ai wannan da'irar dambe ce." Gaskiya ta faɗa, kuma abin da ya sa nake son wurin ke nan. Ɗan wasa ba shi da inda zai ɓuya. Kana ganin zufarsa, kana jin numfashinsa, yana shigowa ta ƙofar da kai ma ka shigo. Sannan kana ganin fuskokin waɗanda ke zaune daura da kai. Turawan da suke haɗe rai a jirgi da safe, kowa idonsa a waya, a nan na ga dattijo cikinsu yana share hawaye a gaban jama'a ba ya jin kunya. Na fi fahimtar mutanen garin nan a cikin wannan ɗaki fiye da a wurin aiki.

Tsarin yana da nasa nauyi. Dole wani lokaci ɗan wasa ya ba ka baya, kuma idan da karin harshen arewacin Ingila yake magana, kalma takan kuɓuce wa wanda bai saba ba. Maganin wannan shi ne ka nemi ranar da ake rubuta maganganun a allo, suna sa ta a jadawalinsu. Mai ciwon gwiwa ko tsoron tsayi ya nemi kujerar ƙasa. Tikiti kuma ba shi da arha ga mai aika kuɗi gida duk wata, sai dai akwai rangwame ga matasa da ɗalibai, kuma farashin ya danganta da inda ka zauna.

Masu zuwa da iyali su karanta bayanin wasan kafin su biya. Ana rubuta shekarun da ya dace da su, da gargaɗi idan akwai ashar ko abin da bai kamata yara su gani ba. Ana sayar da giya a zauren lokacin hutu, kamar ko'ina a ƙasar, amma akwai shayi da lemo, ba wanda zai dube ka.

Sai maganar salla, wadda ita ce ke tsara mini ranar zuwa. Wasan dare yakan fara da 7:30, na rana da 2:30. A watan Disamba magariba tana yi tun kafin ƙarfe 4, don haka wasan rana zai haɗa maka da la'asar da magariba, na dare kuwa ka riga ka yi isha'i kafin ka fito daga gida. A watan Yuni abin ya juya: rana ba ta faɗuwa sai bayan 9:30, kana tsakiyar kallo. Lokacin sanyi ku je na dare, lokacin zafi ku zaɓi na ranar Asabar. Akwai masallaci a Turner Street, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa.