Laccocin Milton na jami'ar Yale, kyauta ne kuma sun yi

Duk ɗalibin adabin Turanci da aka haɗa shi da Paradise Lost, doguwar waƙar da marubucin Ingila John Milton ya yi, kan shi ya ɗau zafi, don Allah ya nemi laccocin da Farfesa John Rogers ya yi a jami'ar Yale a YouTube, guda 24 ne kuma ko sisi ba za ka biya ba sai kuɗin data.

Waƙar nan fa ba wasa ba ce, layi sama da dubu goma, Milton ya riga ya makance sai dai ya faɗa a rubuta masa, ta fito 1667 littafi 10, a 1674 ta koma 12. Ni abin da ya fi burge ni shi ne Farfesa Rogers ba ya gaggawa, yakan tsaya kan 'yan layuka ya yi ta warware su har ka ga abin da idonka ya tsallake. Kamar inda aka kwatanta garkuwar Shaiɗan da farin wata yadda masanin taurari Galileo ya hango shi ta madubin hangen nesa, da duwatsu da koguna a jikinsa, wallahi sai da na koma na sake karanta wurin.

Sai dai ka yi haƙuri, sai lacca ta 9 ake shiga waƙar, na baya duk kan rubuce-rubucensa na farko ne. Kuma labarin Adamu da Hauwa'u a fahimtar Kirista yake, ka shiga da sanin haka. Ka riƙe littafin da biro a hannu, sauraro kawai ba zai wadatar ba gaskiya.